Shekarar da Kabar Giwar Inna Ta Yi Fure

Shekarar da aka rufe masallatai saboda korona, a cikinta Inna ta yi gardama da matan gidanmu a kan kabar giwa. Ba na mance shekarar, domin tun da na balaga ban taɓa yin azahar raka'a huɗu a ɗakina ranar Juma'a ba sai a lokacin.

Gidanmu na haya ne a Zangon Lome, ɗaki tara kewaye da tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya. Ni da matata muna ɗaki guda, 'ya'yanmu biyu sun yi aure sun tafi. Inna, mahaifiyata, tana ɗakin da ke jikin namu. Sana'ata wankin hula.

Kabar giwa ita ce tsiron nan mai kaurin ganye da ƙananan ƙaya a gefe, wanda yaran yanzu ke kira alobera. Akwai guda ɗaya a gidanmu, cikin tsohon bokitin fenti kusa da rijiya. Babu wanda ya san mai ita, kowa kuma yana yanka. Wadda man suya ya fallatsar wa ta yanka, mai gyaran gashi ta yanka, mai yaye ta yanka ta shafa ɗacin a nono don yaro ya haƙura. Ban taɓa ganin ganyenta ya wuce biyar ba, su ma gajeru, duk da tabon wuƙa.

Wata rana da la'asar mata suna zaune a tsakar gida, ina bakin ƙofata ina goge huluna, sai Inna ta ce a garin Mango inda aka haife ta, kabar giwa tana fitowa tsakanin duwatsu a bayan gari. Ta ce in sanyi ya shigo takan fitar da kara dogo daga tsakiyarta, ya cika da fure ruwan ɗorawa, kowane ɗaya yana reto kamar ƙaramar ayaba.

Hajiya mai koko, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta ajiye rariyarta ta ce, “Inna, shekara talatin ina yankar wannan abu, ko toho ban taɓa gani ba. Ko dai rama kika gani?”

Aka yi dariya. Wata daga baya ta ce a hankali, “Tsufa ne.” Ba ta yi zaton Inna za ta ji ba, amma kunnen Inna lafiyarsa lau.

Idonta ne ke da matsala. Likita ya riga ya gaya mana ba yana ba ce da za a kankare, hasken ne ke tafiya kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta fara kiran wannan da sunan waccan, sai matan gidan suka ɗauka hankalinta ne ya soma taɓuwa. Maganar furen ta zama musu shaida. Da can, in an haihu a gidan ko an yi rasuwa, Inna ake fara tambaya yadda za a yi. Daga ranar, duk abin da ta faɗa sai a ce, “To, Inna,” da irin muryar da ake lallashin yaro, a ci gaba da abin da ake yi. Ba a yi wata biyu ba ta ɗauke kujerarta daga tsakar gida ta mayar ɗaki.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. Na shiga gaishe ta da safe, ta ce, “Kai, ka ji su?”

Na ce, “Na ji, Inna.”

Ta ce, “Ni dai da idona na gani. Lokacin kuwa idon yana aiki.”

A ranar na ciro ɗan ƙaramin tsiro daga gindin ta bakin rijiya, na dasa a gwangwanin tumatir, na ajiye a tagar ɗakina inda hannun kowa ba zai kai ba. Na ƙudura sai ta yi fure Inna ta gani kafin sauran hasken ya ƙare, matan gidan kuma su gani. Gaskiya ni ma ban taɓa ganin furen ba. Akwai ɗan shakku a raina da ban gaya wa kowa ba.

Tunda masallaci a rufe yake, a bakin ƙofa nake alwala. Sai na ga bai kamata ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa ya bi kwata ba, ga abin da nake son ya yi albarka yana zaune a taga. Na riƙa tara ruwan a kwano ina juye mata, sau biyar a rana, ban taɓa fashi ba. A sati na uku ganyen ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Na taɓa shi ya ciro a hannuna, gindin ya yi baƙi yana wari. Na dasa ta biyu, na ce wataƙila gwangwanin ne ya yi mata kaɗan, na sa ta a babba. Ita ma hanyar ta bi.

Matata ta leƙa gwangwanin ta ce, “Malam, albarkar ta yi mata yawa.”

Da aka sassauta dokar fita, na je kasuwar Hédzranawoé sayen sitati da burushi. A bakin titi kafin a shiga kasuwa akwai wata mata 'yar ƙabilar Mina mai sayar da furanni a tukwane. Na tsaya, na gaishe ta da yarensu, na ba ta labari. A wurinsu duk ɗan Zango mai hula Alaji ne.

Ta ce, “Alaji, sau nawa kake ba ta ruwa?”

Na ce, “Sau biyar.”

“A wata?”

“A rana.”

Ta kira maƙwabciyarta mai sayar da tukwane ta ce in maimaita. Na maimaita. Da suka gama dariya ta share hawayenta ta zaunar da ni a benci. Ta ce wannan tsiro ruwansa yana cikin ganyensa, ƙishirwa ba ta kashe shi, shan ruwa ne ke kashe shi, balle a Lome da iskar ma jiƙaƙƙiya ce. In samo tukunyar ƙasa mai huji a gindi, in cika ta da yashin gini haɗe da garin gawayi da ɓaraguzan bulo. Kada in kuskura in ɗebo yashin bakin teku, gishiri ne. Kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa har gaɓa ta biyu na ji a bushe. In ta haifi 'ya'ya a gindi in cire su. Kuma kada wuƙa ta taɓa ta.

Na ce, “Dagan, ke kin taɓa ganin furen?” Haka ake ce wa babbar yaya a yarensu.

Ta ce, “Sau biyu, a wani gida da na yi aiki a unguwar Djidjolé. Tana jikin katanga, kowa ya mance da ita. Amma ka shirya, Alaji, shekara huɗu ce in ka yi sa'a.”

Na dawo gida a kan zemijan, wato babur ɗin haya, rungume da tukunya, ina lissafin shekara huɗu da idon Inna. Amma na samu abu ɗaya: yanzu mutum biyu ne suka ce sun gani.

Na dasa ta uku. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hana hannuna. Duk sanda na wuce ta ga buta a hannu, sai in ji kamar zalunci nake yi. A wannan shekarar ne na shiga ajin manya, inda ake koya mana karatu da rubutu bayan la'asar, kwana uku a sati, a wata makarantar yara bayan sun tashi. Ina da shekara arba'in da bakwai, allo kaɗai na sani. Da muka kai sunayen ranaku da lambobi, sai na buɗe shafin ƙarshe na littafin rubutuna na fara sa ranar da na ba ta ruwa. Nan na gane raina yana yi mini ƙarya. Zan rantse sati biyu ke nan ba ta sha ba, in buɗe littafi in tarar kwana biyar ne. Sai in mayar da buta in zauna.

Ta rayu. Amma bayan shekara ɗaya ganyen ya yi tsawo siriri, ya koɗe, duk ya kwanta yana miƙa wuya wajen taga. Na koma wurin mai furanni. Ta ce rana take nema, kuma daga sama. In fitar da ita waje. Na ce in na fitar da ita tsakar gidanmu da safe, kafin azahar an yi maganin mutum uku da ita. Ta ce to in buɗe mata sama.

Na je wurin mai gida, dattijo ne mai sayar da goro, na roƙe shi ya bar ni in cire fallen kwano ɗaya daga rufin ɗakina in sa na roba mai barin haske.

Ya kalle ni ya ce, “Za ka huda mini rufi saboda ganye.”

Na ce, “Saboda Inna.”

Ya ce in ajiye fallen da na cire a ƙarƙashin gado, ranar da zan bar gidan in mayar masa da abinsa yadda yake.

Daga hantsi zuwa azahar rana ta riƙa sauka a kan tukunyar kamar an zuba. Ɗakin kuma ya zama tanda. Matata ta daina kwanciyar rana a ciki, ta koma ɗakin Inna da tabarmarta, tana cewa ita ba burodi ba ce. Ruwan farko na damina ya bi ta gefen ƙusa ya ɗiga a kan hulunan mutane da na jera a kan katakai. Uku suka yi tabon tsatsa da bai fita ba. Biyu daga masu su suka haƙura, ɗaya ya ɗauki sauran hulunansa ya kai wa wani. Na hau na liƙe wurin da kwalta. Ganyen kuwa ya miƙe tsaye, ya yi kauri, ya yi kore mai duhu.

A tsakanin nan ta bakin rijiya ta mutu, an yanke ta har zuciya. Sai idon gidan duka ya juyo ɗakina. Wanda bai zauna a Zango ba ba zai san nauyin a ce maka “ɗan ba ni” ka ce a'a ba. Gishiri, wuta, guga, tabarma, ba a hana maƙwabci. Ni kuma ga ganye goma sha biyu jibga-jibga ana hango su daga ƙofa. Na ciro 'ya'yanta na rarraba, na ce kowa ya dasa tasa. Babu wadda ta kai wata uku, tun suna kamar yatsa ake yanke su. Na gwada sayo ganye a kasuwa in kawo musu, suka ce na kasuwa ya kwana, ba shi da ƙarfi.

Wata safiya Hajiya mai koko ta zo da kanta, da wuƙa a hannu. Surukarta za ta yaye yaro.

Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan ba a yanka ta.”

Ta ce, “Ɗaya fa na ce. Ɗaya zai hana ta barci?”

“In na ba ki ɗaya, wa zan hana gobe?”

Ta juya ta fuskanci tsakar gida yadda kowa zai ji, ta ce, “Mai hula ya zama maigadin ganye. Ku riƙa sallama kafin ku wuce ƙofar.”

Wata bakwai ba ta amsa gaisuwata ba. Ina gaishe ta kullum, tana ci gaba da dama kokonta. Har a masallaci wani dattijo ya ja ni gefe ya tuna mini haƙƙin maƙwabtaka. Na ce na gode. Gaskiya yake faɗa, ni ma kuma ban ga yadda zan yi ba.

A shekara ta uku, ganyen ya kai goma sha bakwai, na ƙasa sun fi tsawon hannuna daga gwiwa. Mai furanni ta ga hoton a wayar matata ta ce bana akwai tsammani. Saura wata biyu sanyi ya shigo, ran nan da sassafe na ji ƙarar tukunya ta faɗi. Hajiya ce, ta zo sauke koko daga murhu, ƙafarta ta zame, ya kwarare mata daga ƙwauri zuwa idon sawu. Mata suka riƙa kwara mata ruwan rijiya. Ban tsaya tunani ba. Na shiga ɗaki na yanko huɗu mafi girma, na miƙa wa matata ta fere su. Aka shimfiɗa mata su a kan ƙunar, na tare zemijan aka kai ta asibiti.

Sanyin shekarar ya zo ya wuce, babu komai. Idon Inna na dama ya rufe gaba ɗaya a wannan ranin. Na zauna kusa da ita na ce ina ganin ganyen da na yanka ne ya ja mana shekara guda.

Ta ce, “Da ba ka yanka ba, da ban ƙara cin tuwon gidanka ba.” Sannan ta ce, “Na hagun yana nan tukuna.”

Hajiya ta dawo amsa gaisuwa, har takan aiko mana da koko da ƙosai. Amma a kan fure ba ta sauya ba. Takan ce, “Magani dai na yarda, ƙafata shaida ce. Fure kuwa, bar tsohuwa da mafarkinta.”

A shekara ta huɗu mai furanni ta ba ni dabara ta ƙarshe. Ta ce da zarar ruwan ƙarshe ya ɗauke in hana ta ruwa ɗungurungum, in bar taga a buɗe sanyin asuba ya riƙa dukanta. Ta ce tsiron da ke cikin daɗi ba ya tunanin haihuwa. Na rubuta ranar a littafi, na fara jan layi ɗaya kowace safiya. A layi na ashirin bakin ganyen ya fara ja. A na talatin ya fara lanƙwashewa kamar kwale-kwale. Matata ta ce, “Malam, na farko ka kashe su da ruwa, wannan za ka kashe ta da azumi.” Sau biyu na ɗauki buta na tsaya a kanta, na buɗe littafi, na mayar.

A layi na arba'in da ɗaya, ina goge hula da hantsi, na hango wani abu a tsakanin ganyen tsakiya, kamar kan ƙaramar kuɓewa. Na ɗauka sabon ganye ne. Na kira matata. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta ce, “Wannan ba shi da ƙaya.”

Muka yi shawara ba za mu gaya wa Inna ba sai mun tabbata. Na ba kabar giwar ruwa kofi ɗaya. Kowace safiya ina auna karan da rular da nake zuwa aji da ita. A kwana tara ya wuce rular. A sati uku karan ya kai ƙirjina, kansa cike da ƙananan 'ya'ya kore a manne da juna. Sai na ƙasa suka fara sakin jiki, suka sunkuya, suka juya launi.

Na jira azahar, lokacin da rana ke sauka daidai ta fallen roba. Na riƙo hannun Inna na shigo da ita. Na tsayar da ita a gaban tukunyar. Ta karkata kai, domin ta gefen idon hagu kaɗai take gani. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa karan.

Ta ce, “Ruwan ɗorawa.”

Ta kai hannu ta shafa daga ƙasa zuwa sama. Wani ɗigo ya manne mata a yatsa, ta lasa, ta ce, “Da zaƙi. Haka muke tsotsa muna yara.” Sannan ta miƙe tsaye sosai ta ce, “Kai, ɗauko mini mayafina na sallah da kujerata. Ka kira mini su.”

Ta zauna a gefen tukunyar, hannu a kan gwiwa. Matan gidan suka riƙa shigowa bibbiyu, suna cire takalmi a ƙofa, ɗakin da zafi amma babu mai fita. Hajiya ce ta shigo ƙarshe tana ɗan ɗingishi. Ta zagaya tukunyar, ta leƙa gindin karan.

Ta ce, “Mai hula, ba na roba ka sayo ka soka ba?”

Na ce, “Ja ki gani. Amma a hankali.”

Ta taɓa, ruwan ya manne mata a yatsa. Ta tsaya tana murza shi.

Inna ta ce, “Hajiya, ni idona ya tafi. Gaya mini me kika gani.”

“Fure ne, Inna.”

“Wane launi?”

“Ruwan ɗorawa.”

“Ɗaga murya, kin san tsufa.”

Ɗakin ya fashe da dariya, har da Hajiyar. Ta durƙusa da ƙafarta mai tabo ta ce, “Ruwan ɗorawa ne, Inna, yana reto kamar ayaba. Ki yafe mana.” Wadda ta ce “tsufa ne” shekara huɗu baya tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe baki. Inna ba ta ambaci maganar ba.

Kwana uku ana zuwa kallo. Mai gida ya zo, ya kalli furen, ya ɗaga kai ya kalli rufinsa, ya ce in bar fallen yadda yake. Na kai wa mai furanni hoto, ta nuna wa mai tukwane, ta ce, “Alajin sau biyar ne.” Kafin furen ya bushe aka haihu a ɗakin ƙarshe, da asuba aka aiko a tambayi Inna ganyen da za a sa a ruwan wankan mai jego. Da rana kujerarta tana tsakar gida, tana faɗan an cika yaji a kunun kanwa, ana cewa “to” ana gyarawa.

Furen ya yi kwana ashirin da shida. Bayan nan na buɗe ƙofa: ganye ɗaya a wata, daga ƙasa, ni ke yankawa.

Abin da aka rasa a cikin shekara huɗun shi ne wannan. Tsiro biyu da suka ruɓe. 'Ya'ya goma sha ɗaya da na rarraba, babu wanda ya rayu. Ganye huɗu, da shekara ɗaya da ta bi su. Hula uku, da mai kawo wanki ɗaya. Gaisuwar maƙwabciya ta wata bakwai. Idon Inna na dama kafin furen, na hagu wata biyar bayansa.